Mafarautan Bugun Farko

Makon jiya na sami takarda daga wani malamin makaranta mazaunin Jos, wanda ya roƙa kada in ambaci sunansa, na kuwa yarda. Ya ce mahaifinsa ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, ya bar masa wata adaka cike da littattafai. A cikinsu akwai zaɓaɓɓun waƙoƙin wani Bature mai suna T. S. Eliot, shi kuwa ya ji an ce a Ingila da Amurka akwai masu sayen tsofaffin littattafan wannan mutum da kuɗi na fitar hankali. Shi ne ya ke tambaya, shin gaskiya ne, in kuwa gaskiya ne, ina a ke kai su? Can ƙarshen takardar, kamar abin da bai dame shi ba, sai ya ƙara da cewa sauran abin da ke cikin adakar tarkace ne, waɗansu 'yan siraran littattafai bugun Ibadan da bugun Zariya, yana ma shirin share su don ya sami wurin ajiye tufafi.

To, Malam, abin da ka ji gaskiya ne, amma rabinsa aka gaya maka. Ka yi haƙuri in ɗan ja ka da nisa kafin mu komo kan adakarka.

Akwai waɗansu mutane a ƙasashen Turawa waɗanda ba su da abin sha'awa sai tara bugun farko na littattafai. Ba tsufan littafi su ke nema ba, domin akwai littattafan da suka shekara 200 waɗanda ba su kai kuɗin motar zuwa kasuwa ba. Abin da su ke so shi ne ainihin kwafin da ya fito daga maɗaba'a a karo na farko, kafin a sake bugu na biyu, kafin a gyara kuskure, kafin duniya ta san marubucin. Cikin waɗannan mafarauta kuwa, waɗanda suka fi wahala su ne masu bin sawun mawaƙan sabon salo, watau waɗannan sha'irai da suka taso a farkon ƙarni na 20, dab da Yaƙin Duniya na Farko da kuma bayansa, suka ce sun gaji da tsohon zubi. Mu da muka saba da waƙa mai ƙafiya da kari, wadda in ɗango guda ya gurgunce ko yaro ya ji, sai mu gane girman abin da suka yi. Sun watsar da ƙafiya in ta takura su, sun karya ma'auni, sun riƙa tsalle daga wannan zance zuwa wancan ba tare da sallama ba, suna cusa harsuna uku ko huɗu cikin waƙa guda. Ezra Pound da Eliot su ne a kan gaba cikin masu Turancin Ingilishi.

Mutanen zamaninsu ba su yi marhabin da su ba, nan kuwa asalin tsadar ya ke. Manyan kamfanonin ɗab'i ba su ga riba a ciki ba, sabo da haka sai mawaƙi ya buga da kuɗin aljihunsa, ko abokai su haɗa masa. Littafin Pound na farko, mai suna A Lume Spento, a birnin Venice na Italiya aka buga shi cikin 1908, kwafi 150 kacal, shi ya biya. Wani likita Ba'amurke, William Carlos Williams, ya buga nasa cikin 1909 a garinsu, ya kai kantin mai sayar da takardu, aka sayi guda huɗu. Ragowar, kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, aka cusa su cikin rufin wani akurkin kaji, bayan waɗansu shekaru gobara ta cinye akurkin da abin da ke cikinsa. W. H. Auden kuwa abokinsa Stephen Spender ne ya fara buga masa nasa cikin 1928 da wani ɗan injin hannu lokacin hutun makaranta, kwafin ba su kai 50 ba. Shi Eliot ɗin naka, littafinsa na farko, Prufrock and Other Observations, ya fito a Landan cikin 1917, kwafi 500, bangon takarda, farashinsa sule guda. A lokacin ma'aikacin banki ne. Shekara 31 bayan haka aka ba shi lambar Nobel, yau kuwa wannan littafin sule guda sai mai dubban daloli ya ke taya shi.

Amma in kana son ka ga inda abin ya zama ilmi, ko kuwa ciwo, ya danganta da yadda ka ɗauke shi, sai ka dubi doguwar waƙar Eliot mai suna The Waste Land, watau ƙeƙasasshiyar ƙasa, wadda masana da yawa su ke ganin ita ce ta juya akalar waƙar Ingilishi. Ta fara fitowa cikin wata mujalla a Landan a watan Oktoba na 1922, sa'an nan cikin wata a New York a watan Nuwamba. A watan Disamba kamfanin Boni da Liveright na New York ya fitar da ita a matsayin littafi, kwafi 1,000, kowanne da lambarsa. Waƙar ɗango ɗari huɗu da talatin da 'yan kai ce, ba ta isa cika littafi ba, sai Eliot ya ƙara mata shafuffuka na bayani a ƙarshe. Daga baya shi da bakinsa ya faɗa cewa gajartar waƙar ce ta sa ya faɗaɗa bayanan nan don a sami abin cika takarda. Ga shi kuwa ɗalibai sun yi ta haddace su shekara da shekaru kamar sharhin malamai.

Kana tsammani duk wanda ya sami ɗaya daga cikin dubun nan ya huta? Ina! Dubun ma ba ɗaya su ke ba. Wajen rabinsu na farko an yi musu bango na baƙin ƙyalle mai laushi, wanda ya ke lanƙwasuwa, na bayansu kuwa bango mai tauri. Lambar da aka buga wa na farkon tsayinta milimita biyar, ta na baya milimita biyu. A shafi na 41 kuma akwai wata kalma wadda harafin "a" ya fice daga cikinta ana tsakiyar bugu, domin a zamanin nan haruffan dalma a ke jerawa ɗaya bayan ɗaya, in ɗaya ya sassauta sai ya faɗi, inji kuwa ba ya tsayawa tambaya. Sabo da haka waɗansu kwafin suna da harafin, waɗansu babu. Dillalai sun daɗe suna kafa hujja da shi, ko da ya ke waɗansu masana sun ce bai tabbatar da kome ba game da wanda ya riga wani fita, tun da takardun cakuɗuwa su ke yi kafin ɗinki. Ka ji fa, dattawa masu furfura, da tabarau da abin awo, suna gardama a kan harafi guda da ya faɗi ƙasa a wata maɗaba'a fiye da shekara 100 da suka wuce. Wani ma'aikacin laburaren Jami'ar Yale, Donald Gallup, ya ƙarar da yawancin rayuwarsa wajen bin diddigin irin waɗannan alamomi cikin littattafan Eliot da Pound, littattafan da ya rubuta a kai kuwa su ne alƙalai tsakanin mai saye da mai sayarwa har yau.

Sa'an nan ga maganar riga. Turawa su kan naɗe bangon sabon littafi da wata takarda mai ɗauke da suna da farashi, don kare shi daga ƙura. A da in mutum ya sayi littafi yar da ita ya ke yi, kamar yadda mu ke yar da ganyen da aka ƙunso mana goro. To, da ya ke kowa ya yar, sai wadda ta tsira ta zama abin nema. Yau littafin da ke sanye da rigarsa ya kan ninka tsiraicinsa kuɗi, sau da yawa ninki ba ɗaya ba. A Ingila kuma akwai bugun farko nasu na dabam, na watan Satumba 1923, wajen kwafi 460, wanda marubuciyar nan Virginia Woolf ta jera haruffansa da hannunta a gidansu, inda ita da mijinta su ke da ɗan injin ɗab'i. Wannan ma yana da nasa masoya.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da ba ya yi mini daɗi cikin wannan sana'a. Mai tara irin waɗannan littattafai ya fi son wanda ba a taɓa karantawa ba. In shafuffukan suna manne kamar yadda suka fito, ba a sa wuƙa an raba su ba, to, kuɗi ya ƙaru. Watau ke nan littafin da ya yi aikin da aka halicce shi dominsa, aka karanta shi har ya yi laushi, shi ne mai araha, wanda kuwa ya kwana cikin akwati kamar amaryar da ba a buɗe wa kai ba shi ne mai daraja. Mawaƙin da ya rasa mai sayen littafinsa kan sule guda, da zai tashi ya ga attajiri ya kulle shi cikin akwatin ƙarfe a banki, ina jin da dariya da kuka zai haɗa.

Kuɗin nan kuma ba a kan dutse su ke zaune ba, a kan ƙarancin kaya su ke, ƙaranci kuwa abu ne da ya kan warware dare ɗaya. Wani yaro Bafaranshe, Arthur Rimbaud, wanda mawaƙan sabon salo su ke ɗauka kakansu ne, ya ba wata maɗaba'a a Brussels ta ƙasar Beljiyam aikin littafinsa Une saison en enfer cikin 1873, yana da shekara 18. Aka buga kwafi wajen 500, ya karɓi 'yan kaɗan ya raba wa abokai, bai biya sauran kuɗin ba, ya yi gaba. Labari ya bazu cewa ya ƙone littattafan duka, sai 'yan ƙalilan da suka rage a hannun mutane suka zama kamar zinariya. Kwatsam cikin 1901 wani lauya ɗan Beljiyam mai sha'awar littattafai, Léon Losseau, yana binciken wani abu dabam a rumbun maɗaba'ar, sai ya ci karo da ƙunshin littattafan nan a jibge, sun sha ƙura. Ya ware waɗanda ruwa ya ɓata, ya saye 425. Ya yi shiru da bakinsa fiye da shekara goma kafin ya bayyana wa duniya. Ka ƙiyasta zuciyar wanda ya ke taƙama cewa nasa ɗaya ne cikin shida ko bakwai a duniya, ranar da ya ji labari.

Inda kuɗi su ke kuwa ba a rasa ɗan damfara. Mafi shahara cikinsu, Thomas J. Wise, ba ɗan tasha ba ne. Shi ne babban masanin bugun farko na Ingila a zamaninsa, har ya shugabanci ƙungiyar masana wannan fanni, in ya ce littafi na gaske ne magana ta ƙare. Ashe shekara da shekaru yana sa ana buga masa ƙananan littattafan shahararrun mawaƙan ƙarni na 19, yana sa musu tsohuwar shekara, sa'an nan ya shigar da su cikin littattafansa na bincike a kan cewa ya gano su. Shi ne ɓarawo, shi ne alƙali. Cikin 1934 waɗansu samari biyu masu sayar da littattafai, John Carter da Graham Pollard, suka sa aka auna takardun, suka dubi siffar haruffan. Suka tarar wani littafi da ya ce an buga shi cikin 1847, takardarsa irin wadda ba a fara yi ba ce sai bayan fiye da shekara 20. Rana dubu ta ɓarawo. Wise ya mutu cikin 1937 bai amsa laifinsa ba.

Duk da wannan, in aka ce in yanke hukunci, ni ina bayan mafarautan nan, ba don kuɗinsu ba, sai don abin da haukansu ya tsirar. Dalilina shi ne mawaƙi ba shaidar kirki ba ne a kan kansa. In ya tsufa ya kan koma kan abin da ya rubuta da ƙuruciya ya yi masa aski, wani lokaci har ya yanke kunne. Marianne Moore, Ba'amurkiya, tana da wata shahararriyar waƙa wadda a littafinta na 1921 ta kai wajen ɗango 30, amma a tarin waƙoƙinta na 1967 sai ta mai da ita ɗango uku, ta tura dogon zubin can cikin bayanan ƙarshe. Auden ya fi ta zafin hannu. Cikin tarin da ya fitar a 1966 ya cire waƙarsa ta yaƙin basasar Sifen da wadda ya yi a kan ranar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, domin a ganinsa na dattijo ba gaskiyar zuciyarsa ya faɗa a cikinsu ba. Yana da iko da waƙarsa, ba mai ja. Amma mutanen 1937 abin da suka karanta ke nan, shi ya motsa su, wanda kuwa ya ke son ya san abin da aka faɗa a ranar da aka faɗe shi ba shi da madogara sai bugun ranar.

Ita kanta The Waste Land mai tara littattafai ne ya tsirar da asirinta. Eliot ya ba wani lauyan New York, John Quinn, asalin rubutun waƙar kyauta, don godiya bisa taimakon da ya yi masa. Quinn ya mutu cikin 1924, takardun suka shige cikin kayan gado, kowa ya ɗauka sun ɓace. Cikin 1958 danginsa suka sayar wa babban laburaren birnin New York a kan dala 18,000, ba a sanar ba sai 1968, bayan Eliot ya rasu da shekara uku bai san suna nan ba. Da matarsa ta buga hotunan shafuffukan cikin 1971 sai duniya ta gani da idonta abin da da sai dai ji: Pound ya bi waƙar da fensir, ya soke nan, ya yi zagi can a gefe, har abin da aka zubar ya kusa kai abin da aka bari. Gani ya kori ji. Da Quinn mutum ne mai share ɗaki, da wannan babi na tarihin waƙa ya tafi juji.

Yanzu sai mu komo Jos. Littafin Eliot da ke hannunka, Malam, buɗe shi ka juya shafin da ke ɗauke da sunan littafin, ka dubi bayansa. A nan Turawa su ke rubuta shekarar bugun farko, sa'an nan su jera shekarun da aka sake bugawa. Bisa ga yadda ka kwatanta shi, irin wanda kamfanin Faber ya yi ta bugawa ne dubbai domin 'yan makaranta, aka yi ta jigilarsu zuwa kwalejojin ƙasar nan. In ka ga jerin shekaru a wurin, to, darajarsa ita ce ta karatu da ta tunawa da mahaifinka, ba ta wuce nan ba. Karanta shi, ka ba ɗalibanka.

Tarkacen nan da ka ke shirin sharewa su ne suka hana ni barci. Ka ce bugun Ibadan. Cikin 1961 aka kafa wata ƙungiyar marubuta da masu zane a Ibadan mai suna Mbari, su Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo da wani Bajamushe Ulli Beier, suka riƙa buga ƙananan littattafai sirara, daidai irin waɗanda ka kwatanta. Okigbo kuwa shi ne ɗan ƙasar nan da masana suka fi jin ƙamshin Eliot da Pound cikin waƙarsa. Mbari ce ta buga masa Heavensgate cikin 1962 da Limits cikin 1964. An kashe shi a fagen fama kusa da Nsukka cikin 1967, farkon yaƙin basasa, takardunsa da yawa kuma yaƙin ya ci. Tarin waƙoƙinsa da kowa ya sani, Labyrinths, a Landan ya fito cikin 1971, shi kuwa kafin mutuwarsa ya riga ya sake wa waƙoƙin zubi. Sabo da haka wanda ya ke son ya ji muryar Okigbo ta farko sai ya nemi na Ibadan, manyan laburarorin Turai da Amurka kuwa sun daɗe da farga da haka. Ban ce su ne cikin adakarka ba, na ce dai ka duba.

Na Zariya kuwa, in ƙananan littattafan waƙoƙin Hausa ne na shekarun 1950, zamanin Hukumar NORLA, irin na su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja, waɗanda duka biyu suka rasu cikin 1958, to, kada ka sa ran wani attajiri zai zo daga Landan da jakar kuɗi. Su ba su karya ƙafiya ba kamar su Pound, sabuntarsu a jigo ta ke, siyasa da ilmi da halin zamani. Amma hujjar da na kawo a kan Moore da Auden ta hau kansu, har ta fi. Bugu na baya sau da yawa ya kan zo da gyaran rubutu, mai gyara kuwa ya kan gyara har abin da ba kuskure ba ne, ya mai da karin harshen mawaƙi zuwa nasa. Takardar da aka buga su a kai mai araha ce, an yi su ne don a karanta a wuce, mu kuwa ga gara, ga damina, ga mai ƙosai tana jiran abin ƙunshi. Ni kaina na yi asarar irinsu. Na bar kwali guda a ƙasa a ɗakin da ba a shiga, na yi tafiyar damina ɗaya, da na dawo na ɗaga shi sai gindin ya zauna, abin da ke ciki ya zama gari.

Don haka ga abin da na ke roƙonka. Fitar da su ɗaya ɗaya, ka kakkaɓe da tsumma busasshe. Wanda ya yage kada ka sa masa salatif, domin bayan 'yan shekaru ya kan ci takarda ya bar tabo ja, kada kuma ka kai a manne su cikin leda da zafi, ko a yanke gefensu a sake musu bango don su yi kyan gani. Sa kowanne cikin ambulan nasa, ka ɗora adakar bisa benci nesa da bango. In akwai sunan mahaifinka ko kwanan wata da ya rubuta a ciki, bar shi yadda ya ke. Sa'an nan ka samo takarda ka rubuto mini sunan kowane littafi, da mawallafinsa, da maɗaba'ar, da shekarar in an sa, da yawan shafuffukansa. In jerin ya iso kafin ƙarshen wata zan buga shi a wannan fili, ko a sami wani cikin masu karatu da ke da 'yan'uwansu a tasa adakar. Tufafin kuwa ka nema musu ƙusa a bango tukuna.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.